Bakin Malama

Aikin ɗinkin takunkumin fuska na makarantar unguwa, Maman Auta ce ta same shi, guda ɗari uku da arba'in, shuɗi na yara, fari na malamai. Duk wanda ya ji sai ya ce ta taki sa'a. Da gaskiyarsu kuwa, don wata bakwai ke nan annoba ta kulle mutane a gida, ba taro ba ziyara, wa zai ɗinka sabuwar riga ya zauna da ita a ɗaki? Kekenta har ya fara tsatsa. To amma tun ranar da ta sa almakashi a ƙyallen, ita kaɗai ta san abin da take ɗinkawa. Shuɗayen ba su dame ta ba. Fararen ne, duk wanda ta gama ta jefa a kwando sai gabanta ya faɗi.

Auta ba ta ji. Ba kunnen ƙashi irin na yara ake nufi ba, ainihin rashin ji. Tana shekara biyar zazzaɓi ya kwantar da ita mako biyu, da ya tashi tafiya ya tafi da kunnen hagu ɗungurungum, na dama kuma abin da ya bar masa bai taka kara ya karya ba. Tana jin an buga ƙofa, tana jin wucewar babur, amma magana sai dai ta zo mata a dagule. Da yake ta iya magana kafin ciwon, bakinta ras yake, ba mai saurarenta ya zargi komai. Sauran aikin ido ne ya ɗauka. Yarinyar nan ta iya karanta leɓe tun kafin ta iya karanta harafi, kuma ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata.

Shekara shida ke nan tana makarantar, kullum a bencin gaba, daf da teburin malami. Malamai sai yabo, wai ga yarinya mai natsuwa, ba ta ɗauke ido daga kan mai koyarwa. In ba ta zo ta biyu ba ta zo ta uku. Yara kuwa cewa suke girman kai gare ta, a kira ta daga baya ta yi banza da mutum. Ta fi son hakan sau dubu.

Ɓoyon ma ba na banza ba ne. 'Yar mai wankin layinsu irin wannan larura gare ta, ubanta da zuciya ɗaya ya je ya faɗa wa makarantar. Aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi kujera, aka ce masa gaskiya ba su da kayan aikin irin waɗannan yara, amma akwai makarantarsu ta musamman, ta kwana, a can wani gari. Yau shekara huɗu yarinyar tana linke kaya a shagon ubanta, sunanta ma ya ɓace, kowa "kurmar nan" yake ce mata. Maman Auta ta gani da idonta, ta kama bakinta.

Sai ga takardar makaranta ta zo tare da ƙyallen. Wai malamai sun zauna sun fitar da tsari, za a kawo shi gaban iyaye ranar Asabar da safe. Kowane aji za a raba shi biyu, rabi su zo Litinin da Laraba, rabi Talata da Alhamis. Kowa da takunkumi, malami da ɗalibi, daga shiga har fita. Bencin gaba za a fitar da shi don a samu tazara. Ranakun da yaro yake gida kuma, malami zai turo darasi ta saƙon murya a wayar iyaye.

Ta karanta sau uku a tsaye. A makaranta an rufe baki, a gida an turo murya. Gaba kura, baya sayaki. Ga shi kuma aji shida Auta take, jarrabawar fita saura wata biyar.

Ta kira Baban Auta. Direban babbar mota ne, irin waɗanda dokar kulle ba ta hana tafiya ba, ya fi kwana a hanya a kan gida. Ya saurare ta har ƙarshe, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ce, "To, ki yi yadda kika ga ya dace." Maganar nan dai da maza ke ajiyewa a aljihu don irin wannan rana. Ta kashe wayar ba ta ce masa a sauka lafiya ba.

Ranar Alhamis da hantsi dabara ta zo mata. Ta ɗauko tsohon fayil na roba mai garai-garai, wanda take ajiye takardun haihuwa a ciki, ta yanko faɗin tafin hannu. Ta huda tsakiyar farin takunkumi ɗaya, ta dasa robar a wurin, ta bi gefen da ɗinki biyu. Allura ɗaya ta karye, ta sa wata. Da ta gama ta ɗaura, ta buga ƙafa a ƙasa sau biyu, yadda ake kiran Auta a gidan.

Auta ta ɗago daga littafinta, ta kwashe da dariya.

"Mama, kin zama akwatin talabijin."

"Bar dariya ki duba. Me na ce?"

"Kin ce in bar dariya in duba."

Maman Auta ta gyara tsayuwa ta fuskanci taga don haske ya sauka a fuskarta, ta ce, "Yau za mu yi lissafin kaso. A buɗe shafi na talatin da biyu, a duba misali na farko."

Auta ta matso. Ta ƙanƙance ido.

"Yau za mu yi lissafi... daga nan ban gani ba. Ya yi hazo."

Maman Auta ta cire ta duba. Tururin baki ya rufe robar fat. Ta goge da gefen zane ta mayar, kalma huɗu ya sake rufewa. Ta huda ƙananan ƙofofi a ƙasa, bai hana ba. Ta yi wani mai tudu don robar ta yi nesa da baki, ya kai kalma bakwai. Malamin da zai yi minti arba'in yana magana, ina kalma bakwai za ta kai shi? Ta yi jifa da shi kan keke, ta zauna a bakin gado.

Auta ta daina dariya. Ta zo ta tsaya a gabanta, don ita ba a yi mata magana daga gefe.

"Mama, ranar Asabar me za ki ce musu?"

"Ban sani ba tukuna."

"Kada ki faɗa."

"Auta, in ban faɗa ba yaya za ki yi? Ki zauna a aji kina kallon ƙyalle?"

"Zan kwafi allo. Zan karanta littafi da kaina."

"Shifta fa? In Malama ta yi tambaya ta nuna ki fa?"

"Sai in ce ban sani ba."

"Kullum?"

"Gara a ce daƙiƙiya ce." Muryarta ta ɗan haura, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci, don ba ta jin kanta sosai. "Daƙiƙai suna nan cike da aji, ba wanda ya kore su. Wallahi Mama in kika faɗa, ko ba su kore ni ba na bar zuwa. Ki ce ba za ki faɗa ba."

Shekararta goma sha ɗaya, amma ta tsare uwar da ido kamar mai karɓar rantsuwa. Kuma abin haushi, yarinyar da ta rayu a kan kallon fuska ba a yi mata ƙarya cikin sauƙi.

"Ba zan faɗa ba," in ji Maman Auta.

Auta ta ci gaba da kallon bakin na ɗan lokaci, sannan ta koma kan littafinta.

Ranar Asabar Auta ta ce sai ta bi ta. Maman Auta ta ce taron manya ne, ta ce ta ji, a waje za ta tsaya. Ba taimakon ɗaukar kaya ya kawo ta ba, gadi ta zo yi, su biyun duk sun san haka.

Zauren taron makarantar an yi masa zane da alli a ƙasa, da'ira-da'ira, kowace da kujera ɗaya a tsakiya. An buɗe tagogi duka. A bakin ƙofa ga bokiti mai famfo da sabulu, mai gadi yana tsaye a kai yana sa kowa wanke hannu. Iyaye sun kai saba'in, wasu sun rasa da'ira sun jingina da bango. Malamai suna jere a gaba, sha ɗaya, a da su sha biyu ne. Maman Auta ta miƙa buhun takunkumi, nan take aka raba wa malamai nasu suka ɗaura, ta zauna a layi na huɗu tana kallon aikin hannunta a fuskar kowa. Ɗinkin ya zauna daram, ko kusurwar leɓe ba ta fito ba. Ita da ma ba ta iya aikin ha'inci ba.

Hedimasta ya tashi. Mutum ne mai son a rabu lafiya, irin wanda in biyu na faɗa kowa zai ce masa yana da gaskiya. Ya karanta tsarin daga farko har ƙarshe, ya ce ƙofa a buɗe take ga mai magana.

Bai rufe baki ba wani mai gareji ya miƙe. 'Ya'yansa huɗu a makarantar, murya gare shi ta wanda ya saba magana inji na kunne, takunkuminsa kuwa a haɓa yake zaune tun da ya shigo.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na iya ƙirga kwana. Mako kwana biyar ne na makaranta, kun mayar da shi biyu. Sauran ukun wa zai riƙe mana su? Ni ina ƙarƙashin mota, uwarsu tana kasuwa. Wata bakwai yaran nan suna gida, ɗana na aji uku jiya na ce ya rubuta sunansa, sai da ya tsaya tunani. Kasuwa ta buɗe, tasha ta buɗe, mu muna cakuɗa da mutane tun safe, makaranta ce kaɗai cutar ta sani?"

Aka ɗauki guna-guni na goyon baya. Wata mata daga baya ta ce wayarsu ɗaya a gida, kuma maigidan ke fita da ita. Wani ya ce nasa yaran biyu an raba su, ɗaya Litinin ɗaya Talata, ke nan kullum yana hanya. Wata kuma ta tashi ta ce ita ko kwana biyun ba ta yarda ba, a bar makarantar a rufe, wanda ya rasa shekara zai samu wata, wanda ya rasa ɗa fa? Aka yi mata caa. Hedimasta yana ta ɗaga hannu yana cewa ɗaya bayan ɗaya.

Duk abin da suke ja a kai, kwana biyu ne ko biyar, bai taɓa ciwon Maman Auta ba.

Sai mai gareji ya sake miƙewa, ya taɓo shi.

"Sannan wannan ƙyalle. Yara su sa, ban ƙi ba. Amma malami yana magana ta cikin tsumma, na baya me zai ji? Mu yi wa juna gaskiya. A buɗe kwana biyar, in an shiga aji an rufe ƙofa malami ya sauke nasa ya koyar kamar mutum. Wa zai gani? In masu duba makarantu sun zo ya mayar."

Maman Auta ta ɗago kai. Ga hanya ta buɗe, ba ta roƙa ba. In maganar mutumin nan ta ci, Auta ta tsira, ba wanda ya ji komai, alkawari yana nan. Ba ta taɓa ganin mai gareji da daraja ba sai yau.

Malamar aji shida ce ta tashi ba shi amsa. Siririya ce, ba ta da yawan magana a wajen aji, shekara biyu ke nan Auta tana hannunta don ita ta riƙe su tun aji biyar. Ta buɗe jakarta ta fito da ɗan abin shaƙa na masu asma, ta ɗora a kan tebur.

"Wannan tun ina yarinya nake yawo da shi," ta ce. "Likita ya ce mini in cutar nan ta kama ni, kada in tsaya a gida ko na awa ɗaya. Ajina yara hamsin da huɗu ne, taga biyu. Kun ga mu sha ɗaya ne a nan. Malamin lissafi a wata na uku ya tafi, kwana shida ya yi, ba a bar matarsa ta gan shi ba. Ni ina son aikina, na gaji da zaman gida fiye da ku. Rabin aji zan iya, da takunkumi zan iya. Amma a ce in tsaya gaban hamsin da huɗu in buɗe fuska, ku yi haƙuri, ina da 'ya'ya ni ma."

Ta zauna. Mai gareji ma sai da ya ja takunkuminsa ya rufe hanci, ko da yake bai daɗe a can ba.

Hedimasta ya ce to a ɗaga hannu. Masu son kwana biyar, yadda mai gareji ya kawo.

Hannaye suka tashi. Maman Auta ta ji nata ya bar cinya. Ba ta ɗaga shi sosai ba, iyakarsa kafaɗa, kamar mai gyara mayafi, amma ɗagawa ce, kuma mai ƙirga ya ƙirga da ita. Tana sane da abin da ta zaɓa. Ta auna numfashin matar nan da karatun 'yarta, ta ɗauki karatun. Sai idonta ya faɗa cikin na Malama. Malama ba ta ɓata rai ba, mamaki ne kawai a idon, don ko ɗazu da aka raba takunkumi sai da ta yaba mata ɗinkin. Kunya ta rufe Maman Auta, amma ba ta sauke hannun ba sai da aka gama.

Talatin da ɗaya. Masu tsarin malamai talatin da takwas.

Ta zubar da mutuncinta a banza ke nan. Ga kunya, ga faɗuwa.

Hedimasta ya yi godiya, ya ce Litinin mai zuwa za a fara, jerin sunaye yana manne a allon sanarwa, ya fara tattara takardunsa. Mutane suka soma jan kujeru.

"Ranka ya daɗe."

Sai da ta ji muryar sannan ta san ta miƙe.

"Maman Auta, muna jin ki."

"Darasin gida. Ba za a iya ba da shi a rubuce ba? A takarda?"

"Mun duba wannan. Yara ɗari uku da wani abu, kwana uku a mako, injinmu na buga takarda ba zai ɗauka ba. Kuma iyaye da yawa su suka nemi murya, don ko wanda bai yi karatu ba zai iya kunna wa yaro."

"To na mutum ɗaya fa?"

"In aka yi wa ɗaya, gobe saba'in za su zo."

"Bencin gaba kuma, ba za a bar ko ɗaya ba?"

Mai gareji ya yi dariya. "Baiwar Allah, ke da kika ɗinka mana abin, ke ce kuma da ƙorafi? In waya ce babu, ki faɗa, akwai tsohuwa a wurina."

"Ba waya ba ce."

"To mene ne?"

Wata ta ce a bar mutane su tafi, rana tana yi. Wani ya ce ai 'yarta ce mai zuwa ta biyu, ita me ya dame ta, masu 'ya'yan da ba sa ja ma sun yi shiru. Hedimasta ya tsaya da takardu a hannu, yana mata kallon haƙuri, irin na wanda ya ba ka minti ɗaya.

"Akwai wani dalili ne, Maman Auta?" Malama ce ta tambaya, a hankali.

Maman Auta ta waiwaya wajen tagogi. Auta tana ta ƙarshe, ta dafa ƙarfen da hannu biyu, shuɗin takunkumi a fuskarta. Idonta yana tsalle daga wannan fuska zuwa waccan, yana nema, ba ya samun komai. Awa biyu ke nan tana tsaye a wurin, mutum tamanin suna yanke hukunci a kan karatunta, ba ta tsinci kalma ɗaya ba sai abin da ya fito daga bakin mai gareji. Haka Litinin za ta kasance, da Laraba, har wata biyar.

A nan wani tunani ya zo wa Maman Auta, mai sauƙi, mai daɗi, har ya ba ta tsoro. Bakinta a rufe yake. Tana iya faɗin komai yanzu, da ƙarfi ma, Auta ba za ta sani ba. In magana ta fito daga baya sai ta ce Malama ce ta gano da kanta. Duk duniya ba a taɓa samun wurin da ya fi nan sauƙin cin amanar yarinyar nan ba, kuma da hannunta ta ɗinka shi.

Ta fita daga da'irarta. Ta juya yadda hasken taga zai sauka a fuskarta, ta sa yatsa ta sauke takunkumin har wuya.

"Yauwa," in ji mai gareji, "ga wadda ta gane."

Ba ta kalle shi ba. Ba ta kalli Hedimasta ba. Tagar ƙarshe ta fuskanta, ta yi maganar a sarari, kalma-kalma, yadda take yi a gida.

"'Yata ba ta ji. Tun tana shekara biyar. Da ido take karatu, bakin malami take kallo. Shekara shida ba wanda ya sani a makarantar nan. Ta ce kada in faɗa, na ce mata ba zan faɗa ba. Ga shi na faɗa."

Hedimasta ya ajiye takardunsa a hankali.

"Ikon Allah," ya ce. "To... wannan magana ce babba. Gaskiya irin wannan, mu a nan ba mu da..."

"Kayan aiki," in ji Maman Auta. "Na sani. Shekara shida ba ku da su, ta zo ta biyu."

Hedimasta ya ce za a duba, za a zauna a kai. Ta san irin wannan dubawar.

Malama ta miƙe. Da ta yi magana kuma, ba da Hedimasta ta yi ba.

"Shi ya sa in na juya ina rubutu ina bayani, sai ta ce in maimaita. Ni kuwa ina cewa tsabar son karatu ne." Ta girgiza kai. "Maman Auta, ba zan yi miki ƙarya ba. A cikin aji ba zan cire ba. Ko don ita."

"Na sani, Malama. Hannun da na ɗaga ɗazu ma, ki yafe ni."

"Bar wannan. A waje fa? In an tashi, a filin ƙwallo, iska tana kaɗawa, ni a nan ita a can. Rabin awa zan iya, ranakun da take zuwa. Na gida kuma in rubuta mata da hannuna, mutum ɗaya ce." Ta juya ga Hedimasta. "Wannan ba ya bukatar inji, ranka ya daɗe. Tana ajina, kuma ban ce na gaza ba."

Hedimasta ya ce ai in Malama ta ɗauka, shi ba shi da ta cewa, a gwada zuwa jarrabawa a gani.

Abin da Maman Auta ta yi kwana biyar tana nema ga shi an ba ta a cikin numfashi uku.

"Sai dai tazarar," in ji Malama. "Dole ta yi nisa sosai. Daga ina take iya karanta baki?"

Murna ce ta sa Maman Auta ba ta yi tunani ba.

"Ai ko daga nan zuwa tagar can tana..."

Ta ankara, amma hannunta ya riga ya nuna. Kai tamanin suka juya a tare. Auta tana nan a inda take, ta saki ƙarfen taga. Wata mata ta dafe ƙirji ta ce Allah sarki. Wani ya ɗaga mata hannu yana wani irin nuni da yatsu, irin wanda ake yi wa 'yar mai wanki. Mai gareji, da zuciya ɗaya shi ma, ya cika zauren da murya, "Yarinya, sannu! San-nu!"

Auta ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta dubi uwarta daga ƙarshe, ba ta daɗe ba. Sannan tagar ta zama wayam.

Maman Auta ba ta tsaya sallama da kowa ba. A bakin get ta hango ta, ba gudu take ba, tafiya take ta kama hanyar gida, hannuwa a gefe, kai a miƙe. Ta ɗaga ƙafa ta cim mata wajen shagon mai faci. Ta zo ta dama, Auta ta kau da fuska hagu. Ta zagayo ta hagu, ta mayar dama. Ta sha gabanta ta tsaya, yarinyar ta sunkuyar da kai tana kallon takalmanta, ta jira, da ta ga ba za a matsa ba ta kewaye ta wuce.

Ba ta taɓa ta ba. Ta san in ta kama haɓar nan ta ɗago da ƙarfi, ido za a rufe mata.

Sai ta bi ta a baya, taku uku tsakaninsu. Suka wuce masu kayan gwari, suka wuce famfon layi inda mata ke jeren bokiti. Ba ta san lokacin da ta fara magana ba.

"Malama ta ce za ta koya miki a fili, ke kaɗai. Ba a kore ki ba, Auta. Za ki rubuta jarrabawarki. Na karya alkawari, na sani, ban da abin cewa. Da na so da na faɗa a ɓoye ba ki gani ba, ban iya ba. Ki yi fushi, kina da gaskiya. Amma ranar Litinin ki je. Ki yi fushin da ni, ki je."

Matan famfo suka bi ta da kallo, mace tana tafe tana magana da ƙarfi, hawaye yana sauka cikin takunkumin da ke wuyanta. Duk layin ya ji abin da ta ce. Auta tana gaba, ba ta waiwayo ba.